Harafi ɗaya a kan takardar yaro

A wata rumfar albasa cikin kasuwar Ajame ta Abijan na ga wani kawuna, mutumin Tamaske, ya lissafa kuɗin buhu 47 da ka, har da na mota da na ƴan dako, tun yaron shagonsa bai gama latsa waya ba. Can sai saƙo ya shigo masa ta WhatsApp, hoton takardar sakamakon ɗansa da ke karatu a wani lise a Tawa. Ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya nemi inda aka rubuta na nawa yaron ya zo. Na huɗu. Ya yi hamdala, ya mai da waya aljihu.

Na ce, "Kawu, wane sashe yake ciki, A ko C ko D?"

Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ashe ba duk lakwal ba ce?"

Tambayar ta daɗe tana yi mini yawo a rai, don ba shi kaɗai ke yin ta ba. Adar, yankin da kawun ya fito, ƙasar biɗa ce. Daga Tamaske da Keita da Buza da Madawa, maza na barin gida zuwa Abijan, Kano, Legas, Kamaru da Libiya, wasu su dawo da faɗuwar ruwa, wasu su kafa shago da iyali a can. Guminsu ne ke sayen littafi da tufafin makaranta. Sai dai ranar da ake yanke hukunci mafi girma kan karatun yaro, uban na nesa, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa cewa akwai irin wannan rana.

A Nijar, yaro na cin jarrabawar birbe sai a tura shi ajin farko na lise, ko dai A ko C. Bayan shekara guda hanya ta rabu uku: A ta adabi da harsuna da falsafa, D ta ilmin halittu haɗe da lissafi, C kuwa lissafi ne da fiziks masu nauyi. Harafin da yaro ya shiga ajin ƙarshe da shi, shi ne za a buga a takardar bak ɗinsa, wato ta jarrabawar kammala lise, kuma shi masu ɗaukar ɗalibai ke fara dubawa. Sashen likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai masu C da D yake ɗauka. Makarantar injiniyoyin ma'adinai ta EMIG ma bak na kimiyya ko na fasaha take nema. Mai A yana da hanyoyinsa masu daraja, shari'a da tarihi da aikin jarida, kuma jami'ar Tawa kanta sunan masanin tarihi Jibo Hamani take ɗauke da shi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yaron da ya faɗa A don tsoron lissafi kawai, ko wanda ya isa C amma ya tarar babu ajin a makarantar garinsu, abin da ba baƙo ba ne a karkara. A nan uba mai shago a Abijan yana da abin yi. Kuɗin masauki a Tawa ko na malamin ƙari bai fi ƙarfinsa ba, in da ya san ana bukata.

Waɗanda ƴaƴansu suka tashi a Kwaddibuwa sun yi sa'a ta wani gefe, don haruffan iri ɗaya ne da na gida, kuma makarantar injiniyoyi ta Yamusukuro ma ƙarfin lissafi take tambaya. Na Nijeriya ne ke shan wuya in an ce za a mai da yaro gida ko a kawo shi daga gida. A Kano ko Kaduna, tun ajin farko na babbar sakandare ake raba kimiyya da adabi da kasuwanci. Mai son injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko ta Bayero sai ya rubuta Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a jarrabawar JAMB, kuma sai ya ci lissafi da kyau a WAEC ko NECO. Akwai kuma darasin lissafi mai zurfi wanda ba dole ba ne, da yawa sukan kauce masa, sai sun shiga jami'a su gane amfaninsa. Cire yaro daga wannan tsari a tsakiyar tafiya a jefa shi cikin Faransanci, ko akasin haka, yakan cinye shekara guda ko biyu.

Labarin Amurka ya fi ba ni tausayi, inda ƴan Nijar ke zaune a unguwar Buronks ta Niyok da garin Girinsboro. A can ba a raba yara da harafi, sai iyaye su ɗauka kowa hanya ɗaya yake bi. Alhali tsani ne mai matakala biyar: aljabara ta farko, jiyometiri, aljabara ta biyu, share fagen kalkulas, sannan kalkulas ɗin kansa, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa. Babbar sakandare kuwa shekara huɗu ce. Wanda bai taka matakin farko tun a aji na 8 ba, da wuya ya kai na biyar a aji na 12, sai in ya haɗa darasi biyu a shekara guda ko ya yi karatun hutu. Jami'o'i masu tsananin zaɓe irin su MIT sun fito fili suna son ɗalibi ya kai kalkulas. To, yaron da ya zo daga Nijar da lissafi mai ƙarfi amma Turancinsa bai nuna ba, ana iya ajiye shi a ƙaramin aji saboda harshe. In uba bai je da takardun sakamakon gida ya nemi a gwada yaron ba, shi ke nan an wuce wurin.

A can Amurka, a shekarar ƙarshe sai a ce yaro ya zaɓa tsakanin kalkulas da lissafin ƙididdiga. Ra'ayina, mai nufin injiniya ko kimiyya ya ɗauki kalkulas muddin tushensa ya ɗauka. Ƙididdiga ilmi ne mai amfani ƙwarai ga harkar lafiya da kasuwanci, amma a ɗauke ta don ana son ta. Faransa ma ta gwada barin abin ga zaɓin yara: ta soke tsoffin sassa, aka yi sabon bak a 2021, ɗalibai da dama suka watsar da lissafi, har a 2023 aka tilasta awa ɗaya da rabi a mako ga waɗanda ba su zaɓe shi ba.

Kusan duk inda mutanen Adar suka yi yawa akwai ƙungiyar ƴan gari, ana tara kuɗin biki da na rasuwa da na gyaran masallaci. Ina roƙon shugabanninsu su ware zama ɗaya a shekara, kafin a koma makaranta, su kira ɗalibanmu na jami'a su bayyana wa iyaye waɗannan matakai da Hausa. Kai kuma Alhaji da ke bakin shago, in takardar yaro ta shigo wayarka, duba makin lissafi kafin ka duba na nawa ya zo, sannan ka buga wa malaminsa waya ka tambaye shi sashen da yake shirin tura shi.