Kallon taurari: karatun da ya dace da dattawanmu

Mai karatu, idan kana da mahaifi ko mahaifiya da suka ajiye aiki, ka san yadda yini ke yi musu tsawo. Kaɗaici da zaman banza na jawo wa tsofaffi damuwa, shi ya sa likitoci ke ba su shawarar ci gaba da koyon sabon abu. Ilimin sararin samaniya na da sauƙin farawa, domin a tsakar gida ma ana iya yinsa.

Dattawanmu sun riga sun san Zara matar wata, da Gamzaki mai fitowa da asuba, da Kaza da 'ya'yanta. Abin da zai ba su mamaki shi ne Zara da Gamzaki abu ɗaya ne: duniyar Venus, wadda ke zagaya rana kamar tamu. Wani lokaci ta bayyana a yamma bayan magariba, wani lokaci a gabas kafin gari ya waye. Shi kuwa wata, yana ɗaukar kusan kwana 29 da rabi daga jinjiri zuwa jinjiri, shi ya sa watan Musulunci ke yin kwana 29 ko 30. Da ƙaramin madubin hangen nesa, Baba zai iya hango manyan watannin Jupiter huɗu, waɗanda Galileo ya gano a 1610. Manhajar Stellarium a waya tana nuna sunan abin da ke sama, kuma jika zai iya sarrafa ta.

Sai dai a kula da lafiya. Wasu magungunan hawan jini na sa jiri, musamman idan an miƙe da sauri, don haka a zauna a kujera mai majingina, kada a tsaya ana ɗaga kai. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Maganin ɗigawa na pilocarpine, da ake ba wasu masu hawan jinin ido, na rage gani da dare, amma kada a daina shi sai da izinin likita. Idan Hajiya ta ce wata ya zama biyu ko ya yi dishi-dishi, a kai ta asibitin ido, domin yana iya zama yanar ido. A shafa maganin sauro, kuma kada a taɓa kallon rana kai tsaye.

Duk daren da aka ɗauke wuta kuma sama ta washe, ku fito da kujeru. Kaka ta faɗi sunan Hausa, jika ya nemo shi a waya.