Sanyi Ma Magani Ne: Yadda Likitoci Ke Kashe Ƙari da Ƙanƙara

A asibitin gundumar Matameye, kamar sauran asibitocin ƙasarmu, akwai wani ciwo da ke kawo dattawa da yawa: wahalar fitsari. Mutum ya haura shekara 50, sai ya ga yana tashi sau huɗu ko biyar cikin dare, fitsarin yana fita da ƙyar, wata rana ma ya tsaya cak. Da yawa kunya take hana su faɗi, sai ciwo ya ci ƙarfinsu sannan a ɗauko su.

Tushen wannan wahala wani ɗan ƙululu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji, wanda likitoci ke kira furostat. Hanyar fitsari ta cikinsa take ratsawa. Idan ya kumbura, sai ya matse hanyar. Galibi kumburin tsufa ne kawai, yana da magani. Amma wani lokaci sankara ce. Haka kuma ƙoda kan yi ƙari, ya daɗe yana girma ba a ji zafinsa ba.

Cikin dabarun da masana suka samo don yaƙar waɗannan ƙari har da daskarar da su. Dabarar tsohuwa ce. Wajen shekarar 1850 wani likitan Ingila mai suna James Arnott ya riƙa gauraya gishiri da ƙanƙara yana ɗorawa bisa ƙarin nono don rage zafi da kumburi. A 1961 Irving Cooper, likitan ƙwaƙwalwa a birnin New York na Amurka, ya ƙera wani tsinke da ke aiki da ruwan azot, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Cikin shekarun 1960 aka fara gwada sanyi a kan furostat, amma likita ba ya ganin inda ƙanƙara ta tsaya, saboda haka ana yawan yi wa majinyata lahani. Sai a farkon shekarun 1990, da aka haɗa aikin da na'urar eko mai nuna cikin jiki, dabarar ta samu karɓuwa.

Ga yadda aikin yake. Bayan an ba majinyaci maganin barci ko na kashe zafi, likita yakan soka siraran allurai ta fata har cikin ƙarin, yana duban hoto a eko ko sikana. Daga nan a tura iskar argon cikin alluran, sai dunƙulen ƙanƙara ya taso a bakinsu. Wanda ya taɓa cika kwalba da ruwa ya manta ta a firigo ya san abin da ke biyo baya: ruwa ya daskare, kwalba ta fashe. Haka ruwan da ke cikin ƙwayoyin ƙarin yake daskarewa ya yayyaga su, ƙananan jijiyoyin jini da ke ciyar da shi kuma su toshe. Ana neman sanyin ya kai wajen digiri 40 ƙasa da sifili, a narkar, a sake daskarewa karo na biyu. Idan furostat ne, akan sa robar da ruwan ɗumi ke gudana cikinta a hanyar fitsari don kada sanyi ya lalata ta. Naman da ya mutu, jiki ne ke shanye shi sannu a hankali.

Amfanin dabarar shi ne ba a tsaga ciki, jini kaɗan ke zuba, majinyaci kuma yakan koma gida da wuri. Tana da tata illa: yawancin waɗanda aka daskarar musu da furostat gaba ɗaya ƙarfin mazakutarsu yana raguwa, wasu kuma fitsari ya riƙa kuɓuce musu. Aiki ne na manyan asibitoci masu kayan zamani da ƙwararru. Babban sharaɗinsa kuwa shi ne ƙarin ya kasance ƙarami, bai bazu ba. A ƙoda, an fi yin sa ga ƙarin da bai wuce santimita 3 ko 4 ba.

Wannan sharaɗi shi ne ya shafi manomin rake na kwarin Korama da ɗan kasuwar Kance. Ko sanyi, ko tiyata, ko gashin haske da Cibiyar Yaƙi da Sankara ta Yamai ta fara a 2021, dukansu sun fi amfani ga wanda ya zo da wuri. A yankin da tsargiya ta yi yawa, mutane sun saba da ganin jini a fitsari har ba sa damuwa. Ga dattijo, jinin nan abin bincike ne ko da sau ɗaya ya fito.

Saboda haka wanda ya ga canji a fitsarinsa ya je gidan likita mafi kusa. Daga can za a tura shi Matameye, in da hali har babban asibitin Damagaram, a auna jininsa, a duba shi da eko. Malaman yaƙi da jahilci, hakimai da limamai su taimaka wajen isar da wannan saƙo, ƴaƴa kuma su riƙa tambayar lafiyar iyayensu cikin ladabi. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.