Tauraruwar da ake cewa ta fashe: aya da tsakuwa

Manomin Morai ba baƙon sama ba ne: ya san Kaza da 'Ya'yanta, ya san Gamzaki. Amma tun 2024 da labarin "sabuwar tauraruwa" ya zagaya wayoyi, gaskiya ta cakuɗe da ƙari. Ga yadda abin yake.

"Sabuwa ce." Ba haka ba ne. Wadda ake magana a kai, T Coronae Borealis, ta taɓa haskakawa a 1866 da 1946. Akwai kuma danginta da masana ke kira ƙananan noba, masu tashi a kai a kai. Daga cikinsu, an gano U Geminorum a 1855, SS Cygni kuma a 1896.

"Tarwatsewa take yi." Ƙarya ne. Mu duba danginta: ƙaramar noba taurari biyu ne masu zagaya juna cikin 'yan sa'o'i. Ɗaya, fara mai tsananin nauyi, tana zuƙo iskar gas daga abokiyarta, iskar tana taruwa kewaye da ita kamar faifai. Ka kwatanta da madatsar Bakolori: ruwa ya taru, a buɗe ƙofa, ya kwarara, madatsa tana nan. Idan faifan ya cika ya yi zafi, sai gas ya kwararo kan tauraruwar, haske ya tashi. Masanin Japan Yoji Osaki ne ya kawo wannan bayani a 1974.

"Haskenta yana ninkuwa." Gaskiya ne. SS Cygni tana ƙara haske kusan sau 40 cikin kwana ɗaya ko biyu, duk bayan mako 7 zuwa 8. Duk da haka, sai da madubin hangen nesa ake ganinta.

"Kamannin hasken suna sauyawa." Wannan ma gaskiya ne. Idan aka warware hasken ƙaramar noba kamar bakan gizo, lokacin da take kwance ana ganin layukan haidurojin masu ƙyalli. Da ta tashi sai su koma duhu-duhu, hasken ya karkata zuwa shuɗi, domin faifan ya yi kauri da zafi.

"Tana hana ruwan damina." Babu ƙamshin gaskiya. Hasken SS Cygni yana shafe kusan shekara 370 kafin ya iso mu. Wanda zai sauka a gonakin Morai daren yau ya baro gida tun ba a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba.