Aikin Fili da Aikin Ɗaka: Sabuwar Majami'a ko Ibadar Fasto?

Wanda ya kama hanyar Gwarzo daga Kano, ya wuce Rimin Gado ya shiga ƙasar Kabo, masallatai zai yi ta gani a bakin titi, domin mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne. Sai ya saki kwalta ya bi hanyar ƙasa kafin ya iske gidajen Hausawan da kakanninsu Maguzawa ne, waɗanda wasunsu yau Kirista ne, suna kiran kansu Masihiyawa. Majami'unsu ƙanana ne, wasu ginin ƙasa da rufin kwano, wasu ko ginin ma babu. A irin waɗannan ikilisiyoyi akwai wata tambaya da takan taso duk lokacin da dattawa suka zauna tsara yadda za a kashe kuɗin baiko: me ya fi raya aikin, ikilisiya ta haifi wata a ƙauyen gaba, ko kuwa mai kiwonta ya riƙe karatunsa da addu'arsa ta kullum? Ba wanda zai ce ɗayansu aikin banza ne. Sai dai kuɗi kaɗan ne, ma'aikata ba yawa, ƙarfin mutum kuma yana da iyaka, dole wani ya sha gaban wani.

Masu son a buɗe sabbin majami'u suna da tarihi a bayansu. Tawagar 'yan mishan ta CMS da Bishop Tugwell ya jagoranta ta iso Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame ta ba da ɓata lokaci ba, bayan zuwan Turawan mulki ma an daɗe ana taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakuna. Sai a 1933 ƙungiyar mishan ta SIM ta sami wurin zama a Kano. Daga nan aikin ya riƙa tafiya daki-daki: asibitin kutare a Yadakunya, asibitin ido a 1943, tashoshi a Kabo da Ƙaraye, makarantar 'yan mata a Kabo, ta maza a Roni, makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa. Kowace tasha ta zama uwa ga ƙauyukan da ke kewaye da ita. A 1948 masu bi 'yan ƙasa suka kafa ƙungiyarsu ta aika masu bishara, wadda yau aka sani da EMS, shekara shida kafin ECWA, ɗariƙar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954. Wato sun iya aikawa tun ba su gama iya mulkin kansu ba. A ƙasar Rogo, nan kudu da Gwarzo, 'yan Angilikan sun yi ta buɗe ƙananan majami'u har abin ya kai ga kafa dayosis a Bari, da bishop Bahaushe.

Ibadar fasto ita ma tana da nata tarihin, sai dai ba mai yawan shekarun tunawa ba ne. Babbar ranarta ita ce fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya daɗe a kai tare da abokan aikinsa, sannan sabuwar fassara ta 1979. Masu bishara na farko manoma ne da suka koyi karatun boko don su iya buɗe wannan littafi da kansu. Daga baya aka sami littafin waƙoƙi, aka sami Abincin Yini na ECWA mai tsara karatun kowace rana, addu'ar safe kuma ta zauna a majami'un karkara. Ranar da aka aza harsashin gini ana rubuta ta a jikin bango. Ranar da wani mai bishara ya fara tashi kafin zakara ya yi cara, ba wanda ya rubuta.

Nan ne bambanci na farko yake. Sabuwar majami'a abar gani ce, ana ƙirga ta, ana karanta ta a rahoton majalisun ikilisiya na LCC da DCC tare da yawan waɗanda aka yi wa baftisma, ana gayyatar baƙi ranar buɗewa, Zumuntar Mata ta zo da anko da tulunan kiɗa. Ibada kuwa shaidarta ɗaya ce a duniya, matar fasto, ita ma ba a cika tambayarta ba. Abin da ake gani yana da saurin jawo taimako, kuma yana da saurin tonon asiri idan an yi ha'inci, domin ginin da bai tashi ba kowa ya san bai tashi ba. Abin da ba a gani ya tsira daga riya, amma yakan mutu shekara da shekaru ba wanda ya lura, tunda mai baki yana iya yin wa'azi mai daɗi da tsohon karatun da ya yi a makaranta.

Ta fuskar tsada, da farko sai a ga kamar ba a ma haɗa su. Reshe yana son fili, samun fili da takardar izinin gina majami'a kuwa abu ne da Kiristocin jihar Kano suka daɗe suna kuka a kansa, shi ya sa sau da yawa wani mai bi ne ke yanko gefen gonarsa ko ya ba da zaurensa. Sai kwano da katako da bencina, sai albashin mai bishara da ɗan babur ɗin da zai hau. Mafi tsada duka shi ne mutane: uwar ikilisiya takan rasa mawaƙanta, da matan da suka iya riƙe zumunta, da magidantan da ke kawo dami lokacin godiyar kaka. Ibada fa? Sa'a guda da tocila. Amma wannan arahar yaudara ce. Faston ƙauye manomi ne, da damina kuma safiya ita ce lokacin gona, wanda ya makara da shuka ko noman farko ya san abin da zai tarar a rumbu. Ga mara lafiya da za a kai asibiti, ga sulhun ma'aurata, ga rassa uku ko huɗu da za a zagaya ran Lahadi. Kuɗin gini sau ɗaya ake tara shi, ko da kuwa da wahala. Sa'ar nan guda kullum ake biyanta, kuma daga aljihun mutum ɗaya take fita.

Sai kuma idon maƙwabta, wanda a nan ba a raina shi. Bahaushe da ibada yake auna malami. A ƙasar da ladan ke tada gari da asuba, ake kuma barin ciniki a tafi sahu, faston da ƙofarsa ke rufe har rana ta fito ya riga ya faɗi a awon da kowa ke amfani da shi, ko da ba wanda ya gaya masa. Wanda aka san shi da addu'a da azumi da riƙon amana kuwa, har maƙwabcinsa Musulmi yakan girmama shi, ya gaishe shi da malam. Sabon gini ba ya samun wannan karɓuwa cikin sauƙi, wani lokaci ma zargi yake jawowa kafin a saba da shi. Duk da haka gini yana yin abin da addu'ar ɗaka ba ta iyawa. Gidajen Maguzawa a warwatse suke cikin gonaki, tsohuwa da mai goyo ba za su yi tafiyar sa'a biyu kowace Lahadi ba, balle da damina idan rafi ya kawo. Tun rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi a farkon shekarun 1960 addinin gargajiya ke ja da baya, kowane gida yana zaɓar inda zai nufa. Masu bin da ba su da wurin ɗaurin aure da zanen suna da jana'iza da makarantar Lahadi a kusa, da wuya jikokinsu su tashi cikin bangaskiyarsu, komai tsarkin faston da ke can nesa.

Kowanne kuma yana da irin lalacewarsa. Buɗe reshe yakan zama gasa tsakanin ɗariƙu, a ga majami'u biyu suna kallon juna a unguwar da ɗaya ma ba ta cika ba. Yakan kuma zama sutura ga rigima: dangi biyu su saɓa a kan zaɓen dattawa, ɗaya ya kwashi nasa ya koma gefe, a rahoto a rubuta an sami ci gaba. Ibada ita ma takan zama mafaka ga malalaci, mutum ya zauna a inuwar tsohuwar majami'a mai cikakken albashi, ya ce yana jiran ja-gorar Ubangiji, alhali tsoron ƙura da sauro ne ke riƙe da shi. Akwai ma wata lalacewar da ta fi waɗannan ɓoyuwa, wato fasto ya riƙa buɗe Littafi kullum amma don neman abin da zai faɗa wa mutane kawai, bai taɓa karanta wa kansa ba.

Masu karatun Littafi za su ce tun asali ba a raba su ba, kuma da gaskiyarsu. A sura ta 13 ta Ayyukan Manzanni, shugabannin ikilisiyar Antakiya suna cikin sujada da azumi ne aka keɓe Barnaba da Shawulu don tafiya. Shirin Sabon Rai Don Kowa, da ya taso a Arewa a farkon shekarun 1960, da ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje yake farawa kafin masu shaida su fita ƙauyuka. Amma cewa abu biyu tare suke ba ta warware wa dattawa komai, domin ranar rabon kuɗi da rabon ma'aikata sai an sa ɗaya a gaba.

A nawa awon, ibadar fasto ta ɗan rinjaya, kuma dalilin na wannan ƙasa ne. A babban gari sabuwar majami'a takan fara da dattawa da mawaƙa da masu ilimi, idan fasto ya yi sanyi akwai masu tallafe shi. A ƙauyen Gwarzo ko na Kabo, reshe yakan yi shekaru bai wuce mutum ɗaya da iyalinsa da 'yan gidaje kaɗan ba, waɗanda da yawansu ba su yi nisa a karatu ba. Abin da suka sani na addu'a, a bakinsa suka ji. Yadda ake haƙuri da tsokana, a wurinsa suka gani. Babu babban fasto kusa, da rani kuma samari sun tafi ci-rani. Uwar ikilisiya tana tsammanin kwano da benci ta aika, alhali halin mutumin nan ta aika, sai da ruwan ciki kuwa ake jan na rijiya.

Wannan rinjaye bai sauke wa tsofaffin ikilisiyoyi nauyi ba, ƙara musu ya yi. Mai bisharar da albashinsa ya yi wata uku bai zo ba, dole safiyarsa ta koma gona ko ƙwadago, kuma ba shi kaɗai za a tuhuma ba. Idan dattawa sun yarda ibadarsa ce jarin reshen, to ta shiga kasafin kuɗi kamar yadda siminti ke shiga: albashi a kan kari musamman da damina, buhun taki, littattafan karatu da Hausa, 'yan kwanakin da za a tara ma'aikata su huta su yi addu'a tare, da ziyarar babban fasto wadda ba ta duba littafin baiko kaɗai ba ce. Hakan zai rage yawan rassan da za a iya buɗewa a shekara, wataƙila inda aka yi niyyar biyar a tsaya a uku, a kuma tura ma'aikata biyu inda dā ɗaya ake turawa. Ƙauyukan nan biyu da aka jinkirta asara ce ta gaske, kuma masu cewa a yi sauri suna da haƙƙin su faɗe ta a gaban taro.