Ina Littafin Yake Kwana Daga Litinin Zuwa Asabar?

Ranar Lahadi da safe ba sai an gaya wa baƙo akwai Kirista a Keffi ba. Matan Zumunta sun sha anko, waƙa na tashi daga majami'u, kowa da Littafi Mai Tsarki a hammata. Abin tambaya shi ne inda littafin nan yake kwana sauran kwanaki shida. A gidaje da dama yana kan talabijin, an rufe shi da ƙyalle saboda ƙurar hunturu. Wani ya tura shi ƙarƙashin matashin kai don maganin mugun mafarki, wani direba ya baje shi a gaban mota, a buɗe kan Zabura ta 91, har rana ta dafe takardar. Wannan riƙon laya ne, alhali waɗanda suka sha wahalar juya littafin zuwa Hausa sun yi ne domin a buɗe shi a tsakar gida, a karanta, a ji abin da ya ce.

Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. Tun a ƙarni na 19 wani Bajamushe, J. F. Schön, ya fara fassara sassan littafin. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya, ya kwashe shekaru yana wannan aiki tare da abokansa, kafin cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Wajen 1979 aka fitar da sabuwar fassara mai sauƙin harshe. A wurare da yawa 'yan mishan na SIM da SUM kan so mai neman baftisma ya fara koyon karatu tukuna, shi ya sa ajin karatu da majami'a suka taso tare kamar ɗan Juma da ɗan Jummai. Ikilisiyoyin da suka gaje su, irin su ECWA da aka kafa a 1954 da ERCC mai hedkwata a Alushi kusa da Akwanga, a kan wannan tushe suka tsaya. A ƙasar da Eggon da Mada da Gbagyi da Gwandara da Yeskwa ke zama benci ɗaya, Hausa ce ta haɗa bakinsu a sujada, kuma tsofaffi da yawa daga wannan littafi suka fara sanin baƙi.

To, me zai hana a bar karatu ga fasto, jama'a su riƙe addu'a? Ai addu'a ba ta yi ƙaranci ba. Kwanan addu'a da azumi da taron farkawa sun cika gari. Matsalar ita ce addu'ar da ba ta tafiya da karatu takan koma jerin buƙatu: aiki, aure, ƙarin girma, da faɗuwar maƙiyi. Mutum shi kaɗai ke magana, ba ya saurare. Da zai buɗe Matiyu sura 5 da 6, zai tarar Yesu ya umarci a yi wa maƙiyin nan addu'ar alheri, ya gargaɗi masu addu'a don a gan su, ya kuma ce yawan surutu ba shi ne ke sa a amsa ba. Mai awon hatsi a kasuwar Keffi da ta fara yininta da Karin Magana sura 11, inda aka la'anci ma'aunin zamba, za ta ji nauyin bubbuga gindin mudu ya lotsa. Ɗan kwangilar da ya karanta Yakubu sura 5 a kan hakkin ma'aikata da aka danne, zai yi wuya ya ɗaga hannu yana roƙon albarka alhali lebura na binsa kuɗin mako uku. Wa'azin Lahadi na kowa da kowa ne, yakan wuce ta saman kai. Ayar da mutum ya karanta shi kaɗai da asuba ba ta da wanda za ta nuna sai shi.

Hujjar da aka fi kawowa ita ce rashin lokaci, kuma ba ƙarya ba ce. Tsakanin Keffi da Abuja kimanin kilomita 50 ne, amma ma'aikacin da zai ratsa cunkoson Masaka da Mararaba da Nyanya dole ya bar gida da duhu, ya dawo yara sun yi barci. Ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare su ma suna da nasu uzurin. Sai dai a dubi lissafin. Bisharar Markus sura 16 ce kacal, Karin Magana 31, sura guda ga kowace ranar wata, kuma yawancinsu ba sa cin minti biyar. Surorin littafin gaba ɗaya 1,189 ne, wanda ke karanta uku zuwa huɗu kullum zai sauke cikin shekara. Wayar da ake latsawa a cikin mota tana ɗaukar littafin, har da na saurare ga wanda ido ko boko ya gagara. Akwai ma abin koyi a maƙwabta. Keffi garin masarauta ne tun zamanin Abdu Zanga, kuma Musulmin da ke shiga mota ɗaya da Kirista ya riga ya yi sallar asuba kafin ya fito, domin an yanka masa lokaci, ladan kuma na tuna masa. Kirista ba shi da ladan a ƙofar gida, saboda haka shi zai yanka wa kansa, kamar yadda Daniyel ya tsayar da sau uku a rana yana babban ma'aikacin gwamnati a ƙasar baƙi.

Wasu kuma kan ce abin da aka mayar na kullum yakan zama al'ada, baki na motsi zuciya na kasuwa. Haka ne, yana faruwa. Amma ba a daina cin tuwo don jiya an ci ba daɗi, kuma wanda ke jiran sai ransa ya so kafin ya durƙusa, ranar da ya fi bukata ita ce ranar da ba zai so ba.

Tsoron da ya fi ƙarfi shi ne na karkatar da ma'ana, mutum ya tsinci aya guda ya gina gari a kanta. Wannan haɗari ne na gaske, kuma masu kiran kansu annabawa suna cin kasuwa da shi, galibi a kan waɗanda ba su taɓa karanta abin da ke gaban ayar da bayanta ba. Maganinsa a karanta sura cikakkiya, a kuma karanta tare. Sujadar iyali ba ta bukatar kayan aiki: waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, yaro ya karanta surar da Turancin da ya saba da shi a makaranta, kaka ta bi da Hausarta, uba ya tambayi abin da aka fahimta, a yi addu'a a ambaci maƙwabcin da ke kwance a asibiti da sunansa. Abin da ya shige wa kowa duhu a rubuta shi a bayan takardar baiko, a kai wa dattijon ikilisiya ranar nazarin tsakiyar mako.