Alalen Ƙwai: Karin Kumallon da Ake Haɗawa Tun da Dare

Duk wanda ya san Titin Zariya da ƙarfe bakwai na safe, daga Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi, ya san yadda garin Kano ke tashi da gaggawa. A-daidaita-sahu cike da 'yan makaranta, ma'aikatan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna sauri su karɓi aiki daga waɗanda suka kwana, lauyoyi da masu ƙara sun nufi Court Road, 'yan kasuwar Tarauni suna buɗe rumfuna. In ka tambayi goma daga cikinsu me suka karya da shi, amsar ba za ta wuce shayi da burodi, ko koko, ko indomi, ko ɗumamen tuwo ba. Wasu kuwa ruwa kawai suka kurɓa.

Babu laifi a cikin waɗannan abincin, sai dai kusan dukkansu dangin sitaci ne da sukari. Suna cika ciki nan take, amma kafin ƙarfe goma sha ɗaya yunwa ta dawo, yaro a aji ya fara hamma. Abin da ya yi ƙaranci a ciki shi ne furotin, sinadarin da jiki ke gina tsoka da jini da shi, wanda kuma yake daɗewa a ciki kafin ya narke. Mai haɗa koko da ƙosai ya fi sauran dabara, domin wake na da furotin mai yawa. To amma ƙosai sai an surfa wake, an kai niƙa, an buga, an soya, ko kuma a bi layi wajen mai tuya. Uwargidan da za ta shirya yara huɗu ta kuma isa wurin aiki ƙarfe takwas ba ta da wannan sararin.

Lissafin masana shi ne baligi mai lafiya na bukatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 60 ke nan yana neman kusan giram 50. Babban ƙwai guda yana ɗauke da giram 6, kuma furotin ɗinsa cikakke ne, jiki na amfana da kusan dukkansa. A ƙwanduwar akwai bitamin A da D da B12. Ƙwai biyu da safe sun biya kusan rubu'in bukatar yini.

A shekarar 2017 kamfanin shagunan kofi na Starbucks a Amurka ya fara sayar da wasu 'yan dunƙule-dunƙulen ƙwai masu taushi, haɗe da cuku da nama ko ganye, kuma tun daga nan matan can suka shiga yin irinsu a gida ranar Lahadi, su jera a firji, su riƙa ɗumamawa har tsakiyar mako. Hotunansu sun cika wayoyin matan Kano, har wata ta ɗauka sai da wata na'ura ta musamman ake yi. Ba haka ba ne. Matar da ta iya alale a gwangwani ta riga ta iya wannan, sai dai ƙwai ne zai maye gurbin ƙullun wake. Tukunya da murfi da 'yan gwangwanaye sun isa.

Ga yadda ake yi wa gida mai mutum huɗu ko biyar. A samu ƙwai takwas, da madarar ruwa cokali shida, da albasa guda, da tattasai guda, da attaruhu gwargwadon bakin masu ci, da lawashi ko alayyahu ko zogale cike da tafin hannu. Sai abin da zai ƙara masa nauyi: kifin gwangwani ɗaya, ko niƙaƙƙen nama, ko dambun nama, ko hanta da aka yanka ƙanana. A gidan da nama ya yi wuya, awara ta wadatar. A marmasa ta a ciki, ita ma furotin ce daga waken suya, kuma tana sa alalen ya yi auki.

Kowane ƙwai a fasa shi a ƙaramin kofi tukuna kafin a juye cikin kwanon haɗi, don kada ɓatacce guda ya lalata bakwai. Mai shakka tun kafin fasawa ta saka shi a ruwa: sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya daɗe yana ɗagowa, wanda ya taso sama gaba ɗaya kuwa a rabu da shi.

Inda yawancin masu gwadawa ke faɗuwa shi ne wajen kayan lambu. Albasa da tattasai da alayyahu duk ruwa ne da su. In aka zuba su ɗanye, suna sakin ruwan a cikin ƙwan yayin dahuwa, sai a buɗe gwangwani a tarar da tsararo a ƙasa, washegari kuma ya fi muni. Don haka a soya su sama-sama da mai cokali ɗaya har ruwan ya tsane, a zuba naman ko kifin a juya, a sa gishiri da dunƙule da masoro, a sauke ya huce. Tumatir dai gara a bar shi, ko a cire 'ya'yan da ruwan. Zogale kuwa a ɗan tafasa shi a matse, don ɗacin ya fita.

A kaɗa ƙwan da madarar har fari da ƙwanduwa su haɗe, amma ban da bugu mai tayar da kumfa. Iskar da ta shiga ita ke sa shi ya kumbura a wuta, ya kuma sace ya yamutse da zarar an sauke. A shafe cikin gwangwanaye da mai sosai, a raba soyayyen haɗin a ƙasan kowanne, a zuba ruwan ƙwan har kashi uku cikin huɗu, a bar masa wurin tasowa. Gwangwanin madara yana yi muddin bai yi tsatsa ba, ƙananan kofunan silba sun fi, masu kofunan roban gashin kek kuma sun huta da kankara. Leda ce ban yarda da ita ba. Ba don dafa abinci aka yi ta ba, kuma ƙwai da mai a cikin leda mai zafi ba haɗin da zan so a ba yaro ba ne.

Sai turarawa. A zuba ruwa kaɗan a tukunya, a ɗora murfi ko 'yan karare a ƙasa yadda gwangwanayen ba za su zauna cikin ruwan ba, ko a yi amfani da madambaci. In ruwan ya tafasa a rage wuta sosai, a jera, a rufe. Sirrin duka yana wajen rage wutar nan. Ƙwai yana fara daskarewa tun zafi bai kai digiri 70 ba, ruwa kuwa sai ya kai 100 yake tafasa. In wuta ta yi yawa, furotin ɗin ya takure ya matse ruwan da ke cikinsa, sai a samu alale mai ramuka da tauri kamar soson wanka. Minti goma sha biyu zuwa sha biyar sun isa ga ƙananan gwangwanaye. A soka tsinke a tsakiya, in ya fito ba danƙo ya yi. A ɗaure murfin da tsumma mai tsabta don kada gumin tukunya ya riƙa ɗiga a kai. Mai tandar waina ma za ta iya zubawa a ramukan bisa garwashi mai sanyi-sanyi ta rufe, sai dai nata zai fi kama da soyayye, kuma ba ya jure ajiya kamar turararre.

Ƙwai takwas suna ba da giram 48 na furotin, kifin ko naman ya ƙara nasa a kai. In an samu gwangwani goma na alalen, wanda ya ci uku da burodi ko koko ya tashi da abin da ya haura giram 15 kafin ya fita ƙofar gida.

Yanzu ga inda na rabu da masu koyar da girkin nan a waya. Suna cewa a yi na mako guda a ajiye. Wannan shawarar mutumin da wutarsa ba ta ɗaukewa ce, kuma garinsa ba ya kai digiri 40 a watan Afirilu. Dafaffen ƙwai da aka haɗa da madara da nama abinci ne da ƙwayoyin cuta ke so, kuma a yanayi mai ɗumi wasunsu suna ninka yawansu cikin kimanin minti ashirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, a ajiye shi a sanyin da ke ƙasa da digiri 5, in za a ci kuma a ɗumama shi sosai. Hukumomin abinci na Amurka sun rage awa biyun zuwa ɗaya in zafin gari ya haura digiri 32, wanda a Kano shi ne yawancin ranakun shekara. A firjin da ke aiki ba yankewa, kwana uku zuwa huɗu ne iyaka. In an ɗauke wuta, firjin da ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi na kimanin awa huɗu ne kacal. Firiza da ke cike tana kai kwana biyu, mai rabi kuwa kwana ɗaya.

Saboda haka kowane gida ya auna kansa. Mai sola ko janareto da ke riƙe firji dare da rana ta yi na kwana uku. Wadda wutarta ke zuwa tana tafiya ta daskarar da su a firiza, ta ciro na gobe kawai. Ga wadda ba ta da ko ɗaya, ajiyar da ta fi aminci ita ce ƙwan ya kwana cikin ɓawonsa. Ɗanyen ƙwai da ba a wanke ba, ba kuma fasasshe ba, yana kwanaki a inuwa lafiya lau. Abin da za ta haɗa da dare shi ne sauran aikin: ta wanke gwangwanaye ta jera, ta gyara busasshen kifi ko ta ware dambun nama, ta tanadi busasshen zogale da dakakken yaji. Da asuba ta yanka albasa, ta fasa ƙwai, ta ɗora, kafin a gama yi wa yara wanka ya nuna. Kada a dogara da hanci. Salmonela da ire-irenta ba sa canja wari ko ɗanɗano, sai dai a ji sakamakon a ciki bayan wasu awanni, kuma amai da gudawa ga ɗan shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne. Sanyin hunturu ma ba firji ba ne.

Wajen ɗumame, a mayar da su kan tururi har tsakiyar ta yi zafin da ba a iya riƙewa a baki, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Wanda za a sa wa yaro na makaranta a zuba shi da zafinsa a kula mai riƙe zafi, a gaya masa ya ci a tara ta farko. Da azumi kuwa, yin sa bayan tarawi a sa a firji don sahur yana hutar da uwargida tashin ƙarfe uku.

Akwai tsohon camfin nan da ke cewa in aka ba yaro ƙwai zai tashi da sata. Ina jin asalinsa bai wuce tsare ƙwan kaza don ta ƙyanƙyashe ba, amma ya cuci yara da yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya haura rabi. A ƙasar Ekwado an yi wani gwaji da aka wallafa a 2017, inda aka riƙa ba jarirai 'yan wata shida zuwa tara ƙwai ɗaya kullum har wata shida, aka samu tsumburewa ta ragu da kashi 47 cikin ɗari in an kwatanta da waɗanda ba a ba su ba. Da aka maimaita a Malawi ba a ga irin wannan bambancin a tsawon yaran ba, wato ƙwai shi kaɗai ba ya gyara komai. Duk da haka, daga wata shida ana iya ba jariri dafaffen ƙwai, kuma alalen nan, in an cire masa yaji da dunƙule, yana da taushin da ya dace da bakin da ba haƙora. A fara da kaɗan. In an ga ƙuraje ko kumburin fuska ko amai, a dakata a je asibiti.

Samarin da ke ɗaga ƙarfe suna kwankwaɗar ɗanyen ƙwai da madara su ma su ji. Wani gwaji na 1998 ya nuna jiki na narkar da kimanin kashi 90 cikin ɗari na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa kusan rabi kawai. Asarar kuɗi ce, ga kasadar cuta a kai.

Masu tsoron kitsen jini kuma, gaskiya ne ƙwanduwa na ɗauke da kolestarol, kusan miligiram 186 a babban ƙwai. Amma tun 2015 jagorar abinci ta Amurka ta cire iyakar miligiram 300 a rana da aka daɗe ana bi, domin ga yawancin mutane kitsen da ke tare da abinci ya fi tasiri a jini. Wainar ƙwan mai shayi da ke iyo cikin mai ta fi turararren nan abin dubawa. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya ko na ƙoda dai ya bi adadin da likitansa ya yanka masa.

Saura tsada. Kiret mai ƙwai 30 ya yi tashin da kowa ya ji a aljihu, musamman tun daga 2023 da aka cire tallafin man fetur, masara da waken suya da ake haɗa abincin kaji suka hau, masu gonakin kaji da dama suka rage ko suka rufe. Saye da kiret ya fi saye ɗai-ɗai a shagon unguwa sauƙi, kuma maƙwabta biyu na iya haɗa kuɗi su raba. Da damina ƙwan zabi na shigowa daga ƙauyuka, ƙanana ne, sai a sa uku a madadin biyu na kaza. In aljihu ya matse, a rage ƙwan zuwa biyar a ƙara awara da zogale, gwangwani goman za su cika.