Gidimuni: lifidin motocin daji, kariya ce ko kaya?

Hanyar Haɗin Kai, wadda ta taso daga Yamai ta nufi N'Gigmi, tana ratsa garin Gidimuni, fiye da kilomita 60 gabas da birnin Damagaram, bayan an wuce Mirya. Muddin mota tana bisa kwalta, ba abin da zai taɓa cikinta. Amma aikin hukuma ba a bakin kwalta yake tsayawa ba. Masu rigakafi, da malaman gona, da masu binciken makarantu, da motar da za ta ɗauko mace mai naƙuda, duka tilas ne su sauka su shiga tuddan rairayi da kwaruruka, ko su yi arewa wajen Damagaram Takaya, ko kuma su zarce Gure su faɗa duwatsun Kutus da hanyar Tasker. Saboda haka ne ake ɗaura wa katkat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, farantan ƙarfe da sauran kayan kariya. Abin tambaya shi ne wane ƙarfe, a ina, kuma ta yaya.

Raunin katkat yana ƙarƙashinta. A nan karter yake, wato tukunyar da man inji ke taruwa ciki. Bayansa akwai akwatin giya, da akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da tankin mai. Injin gazuwal mai silinda 6 na Toyota Land Cruiser yana ɗaukar mai wajen lita 10. Dutse guda, ko kututturen goriba da rairayi ya binne, ya isa ya huda tukunyar, man ya tsiyaye. In direba bai lura da jar fitila ba, cikin ƴan mintoci inji ya ƙone ya kafe. Kuɗin gyaransa ya fi na faranti nesa ba kusa ba, kuma kafin kayan gyara su iso, motar tana kwance a gareji, ƙauyukan da take yi wa aiki sun koma ga amalanke.

Motoci ba su zama ɗaya ba wajen wannan rauni. Land Cruiser samfurin 70, wanda ya fito a 1984, yana da sandar ƙarfe guda da ta haɗa ƙafafun gaba. Ita ke fara gamuwa da dutse, don haka sandar sitiyari da akwatin raba ƙarfi su ne abin ji. Hilux na bayan 2005 kuwa, kowace ƙafar gaba da nata motsi, in ta faɗa rami sai gaban inji ya sunkuya kusa da ƙasa. Mai odar faranti iri ɗaya domin dukan motocin ma'aikata bai leƙa ƙarƙashinsu ba.

Masu walda na Damagaram sun iya yanka faranti daga tol, su lanƙwasa shi daidai da mota. Sai dai a san nauyinsa tun kafin a yanka. Farantin ƙarfe mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi, in kaurinsa milimita 3 ne, nauyinsa wajen kilo 24. In milimita 5 ne, kusan kilo 40. Na alminiyo mai milimita 6 bai wuce kilo 16 da ɗan wani abu ba, amma ya fi tsada, kuma ba kowane mai walda ke da kayan aikinsa ba.

Ɗaurin ya fi kaurin muhimmanci. Faranti da bulon ake ɗaure shi, wato ƙusa mai noti, a cikin hudojin da masu ƙera mota suka bari jikin shasi. Wanda ya liƙe shi da walda ya yi ɓarna biyu: zafin wuta ya raunana shasi, kuma ranar da ake son duba inji sai an sa abin yanka. Ba a ɗaure shi jikin inji, domin inji bisa roba yake zaune, yana motsi. A bar tazarar yatsa biyu tsakaninsa da karter. In sun manne, dukan da dutse ya yi wa faranti zai wuce kai tsaye ga abin da ake son karewa. A lanƙwasa bakinsa na gaba ya dubi sama kamar goshin kwalekwale, don ya zame bisa dutse maimakon ya tokare shi. A ɓoye kawunan bulon kada duwatsu su cinye su, a kuma bar kafa daidai wurin juye mai. In walda ta zama dole a jikin mota, a fara cire kan batir, kuma kada wuta ta kusanci tanki, ko da an ce ba kome cikinsa, domin tururin mai ne ke fashewa. Bayan haka, hanyar jar ƙasa mai kunya-kunya tana kwance noti kamar da hannu. Sai a riƙa bi ana ƙara ɗaurewa.

Ƙasar Gidimuni tana da nata matsaloli guda biyu da takardun masu sayar da kaya ba su cika ambata ba. Ta farko kanwa ce. Laka mai kanwa ta bakin tafki da ta kwaruruka tana maƙalewa bayan faranti, ta bushe, ta yi ta cin ƙarfe a ɓoye. Farantin kuma yana rufe ɗigon mai da ido zai gani tun yana ƙarami. Ta biyu ciyawa ce. Bayan damina, ƙarangiya da busasshiyar ciyawa sukan taru tsakanin faranti da bututun hayaƙi. Bututun yana da zafi ƙwarai. Ciyawar na iya kamawa, motar ta ƙone, makiyaya su yi asarar abincin dabbobinsu na rani gaba ɗaya. Maganin ba ya cin ko dala: a tsaya lokaci-lokaci a zaro ciyawar da ƙugiyar waya, a kuma kwance faranti a wanke duk lokacin juyen mai. Ƴar raga a gaban radiyater tana tare irin ciyawa, muddin ana kakkaɓe ta.

Dattawan Damagaram sun san labarin ƴan lifida na zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Lifidi yana tare kibiya, amma dokin da ya sa shi ba ya dogon sukuwa. Mota ma haka take. Kowace tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikinta, kuma duk kilon ƙarfen da aka ƙara, daga rabon mutane da magani da hatsi aka cire shi. Ga shingen ƙarfe a goshi, ga ragar kaya a kan rufi, ga ƙafar safiya ta biyu, ga jarka 4 na ruwa masu lita 20, waɗanda su kaɗai kilo 80 ne ban da nauyin jarkokin. Kayan da aka ɗora sama su suka fi haɗari: motar da za ta ratsa gefen tudu da ganga bisa kanta, kifewa take nema. Mai da ruwa wurinsu ƙasa ne, tsakanin ƙafafun gaba da na baya.

Shingen goshi yana da hujjarsa, ga wanda ya taɓa cin karo da jaki ko saniya da dare. Amma abin da ke kare radiyater shi ke karya yaro in aka buge shi cikin gari, shi ya sa Tarayyar Turai ta kafa doka a 2005 ta ƙayyade irin waɗanda za a iya ɗaurawa. A sababbin motoci masu jakar iska, shingen da ba a auna shi da motar ba yana iya rikita lokacin buɗewar jakar.

Duk wannan ƙarfe kuwa ba ya fid da mota daga rairayi, sai ma ya ƙara nutsar da ita. Motoci 8 na kamfanin Citroën da suka bar Kolom-Beshar ranar 28 ga Oktoba 1924, suka biyo ta Yamai da Damagaram suka nufi N'Gigmi a ƙarshen shekarar, da bel na roba suka yi tafiya a madadin ƙafafun baya. Bayansu wani hafsan Ingila, Ralph Bagnold, ya nuna cikin hamadar Masar da Libiya cewa ƙaramar Ford ma tana hawa tudu, in an rage iskar ƙafafunta, aka kuma shimfiɗa mata ƙarafa inda ta kafe. A 1941 sojojin Amurka suka fito da faranti mai hudoji domin shimfiɗa filin jirgin sama: tsawonsa mita 3, faɗinsa santimita 38, nauyinsa wajen kilo 30. Da yaƙi ya ƙare, direbobin Sahara suka riƙa yanka shi biyu suna ratayewa gefen mota. Yau akwai na alminiyo da na roba mai tauri, waɗanda yaro ma zai ɗauka.

Faranti biyu na irin wannan, da shebur, da guntun katako da za a aza jak a kai, da ma'aunin iska, da famfo: su ne kayan da tuddan Gidimuni ke bukata kafin kowane, kuma su ne aka fi mantawa da su a takardar oda, wataƙila don ba sa ƙyalli. Ƙafar da aka rage wa iska zuwa kilo 1 da rabi tana baje cikinta bisa rairayi kamar tafin raƙumi. Amma in aka hau kwalta da ita haka, sai ta yi zafi ta fashe, don haka tilas a mayar da iskar kafin a ɗauki gudu. Famfon hannu yana yi, sai dai ƙafa huɗu na katkat za su daɗe da karen mota cikin rana. Famfo mai aiki da batir, wanda nauyinsa bai kai rabin jarka ɗaya ta ruwa ba, yana samun wuri bayan kujerar direba.